Ranar da Na Jefi Mai Rawar Ƙanƙara da Zomo

Kalma ɗaya ce ta wahalar da ni a Turai: glas.

A Garwa in ka tsaya bakin kasuwar Jambutu ka ce ina Sali Glas, ko akuya za ta nuna maka rumfata da ƙaho. Shekara tara ina sayar da ƙanƙara. In ɗauko bulo, in binne shi cikin garin katako, in lulluɓe da buhu, in fasa wa masu kifin Lagdo da mata masu folere, wato zoɓo. Da azumi kam, ko komanda ne sai ya ce min ranka ya daɗe kafin in ɗaga kai. Abu na biyu da aka san ni da shi, jifa. Ranar ƙwallo a stad, in alƙalin wasa ya yi mana rashin gaskiya, ni ake waiwaya a duba. Daga can saman benci nake sakin sashen ruwa, wato ruwan leda, ya sauka a ƙeyar mutum kamar an aike shi da wasiƙa. Har dai ranar da ’yan sanda suka riƙe ni kwana biyu, Adda Hadiza, yayata da ta raine ni, ta je ta fito da ni, ta sa na rantse a gabanta ba ni ba jifa har abada. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani ɗan kwamisho a Yawunde, Misye Firmen, mai takalmi mai tsini kamar bakin kifi, shi ya haɗa min dosiye, wato takardun tafiya. Ya ce makarantar koyon gyaran firiji a Faransa, an samu. Ɗaki, an samu. Aikin rabin rana kuma a wurin glas. Na ce Misye, glas fa ka ce? Ya ce glas. Na ce to Faransa ta yi sa'a.

A Pari na sauka, da rigar sanyin da na saya a gwanjo. A Garwa in na sa ta minti biyu sai in fara dahuwa, a nan kuwa iska ta dinga ratsa ta kamar gidan sauro. Na bi adireshin aikin. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na wuce, na dawo, na sake wucewa. Da na iso, wani ɗan shago ne mai fenti ruwan hoda, an zana saniya tana murmushi, an ja ƙofar ƙarfe an kulle. Na yi ta bugawa har wata tsohuwa ta leƙo ta tagar sama ta ce me nake nema. Na ce aikin glas.

Ta dube ni, ta dubi hadari, ta ce, "Ɗana, wa zai sha glas a wannan sanyin? Sai bazara suke buɗewa."

Ashe glas ɗin nan na lasa ne, mai madara, wanda yara ke sha a tsinke. Na kira Misye Firmen. Wata mata mai daɗin murya ta ce lambar nan ba ta aiki. Na sake kira, ta sake faɗa, ko tsaki ba ta yi ba. Na kira sau goma sha wani abu, muryarta ba ta canza ba. Ita ce ta fara yin haƙuri da ni a ƙasar nan.

Ɗakin da ya ce an kama min kuwa, wurin wankin motoci ne. Wasu ’yan Mali da ke aiki a wurin suka yi min dariya har da zama a ƙasa, da suka gama suka kai ni masaukinsu, suka ba ni shinkafa da miyar gyaɗa da katifa. Kwana shida na yi da su. Kullum in aika wa Adda saƙon murya in ce ai ni yanzu shef ne, yara uku ke ƙarƙashina. Ita kuma ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka, ka dai dinga sa safa.

Makarantar tawa, ita kaɗai ce gaskiya cikin maganar Firmen, tana wani gari can gindin duwatsu. Ɗaya daga cikin ’yan Malin ya ce tunda ta Liyon zan bi, in tsaya wurin wani patron, mai shago, shi ma aikin glas yake yi. Na tsaya. Patron ya ce, ka san glas? Na ce shekara tara, patron, ko ido a rufe. Ya buɗe min ƙofa. Madubai ne. Manya, ƙanana, masu zagaye. Mutanen da kowane irin cuku suka raɗa masa suna nasa, sun rasa yadda za su raba madubi da ƙanƙara da abin lasa. Ya shimfiɗa ɗaya a tebur ya ce yanka min nan. Na duba hagu, na duba dama, na ce ina adda? Addar sara fa, ba Adda Hadiza ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita, har da nuna masa yadda ake sara. Ya raka ni ƙofa da kansa.

Amma kafin in fita, na ga wani baƙin mutum a lungu, ya rame, leɓe ya tsage, ido ya faɗa, ya rungume jaka kamar za a ƙwace masa. Tausayinsa ya kama ni, har na buɗe baki zan ce masa sannu ɗan uwa. Ni ne. A cikin jirgi ban ci burodin da na saya ba.

A garin duwatsun wani ɗalibi ɗan Tibati ya ba ni ƙasan ɗakinsa. Sati uku lafiya, sai mai gidan ta ga takalmi ƙafa huɗu a bakin ƙofa. Ta ce ranar Litinin ko ni in fita, ko mu fita mu biyu. A waje kuwa dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri. Ni da na yi shekara tara ina roƙon ƙanƙara kar ta narke, ga ta tana zubowa kyauta daga sama tana neman raina.

Ranar Laraba ina shagon mahauci ina kallon kayan ciki, na ce a fili, da Hausa, wannan tumbin ko na giwa ne ai ya yi tsada. Sai na ji daga bayana an ce, "Kai ɗan ina ne?"

Wani dattijo ne dogo, da hular ulu har kunne. Na ce Garwa.

"Jam na?"

Na ce jam. Wata guda ba wanda ya tambaye ni lafiya da bakin gida.

Sunansa Baba Abakar, mutumin Kuseri ne, Hausarsa da Larabcin Cadi a cakuɗe, kowa a wurinsa "wiledi" ne, wato ɗana. Shekara talatin yana garin. Ya ji labarina tas bai katse ni ba, sannan ya ce, "To ga glas na uku. Ni nake tuƙa motar da ke gyara filin ƙanƙara. Jibi za a fara gasa ta ƙasashe, ana neman ƙarin hannu kwana uku. Wanda Madam ta yaba da shi za ta riƙe shi gadi, kuma akwai ɗan ɗaki bayan injina. Kalas, ka zo gobe. Amma in ba ka gane magana ba ka ce ba ka gane ba."

Na ce Baba, ni da Faransanci ai kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Da na shiga wurin sai da na dafa bango. Ƙanƙara ce shimfiɗe, fara fat, ta isa a yi sallar idi a kanta, ba buhu, ba komai, an bar ta a buɗe kamar ba a san darajarta ba. Na ce Baba, ina garin katakon da kuke rufe ta da shi? Ya ce in rufe bakina, ga Madam nan.

Madam Odil gajeriya ce mai farin gashi, da rediyo a kafaɗa, tana magana kamar keken ɗinki. Ta ba ni jile, rigar aiki marar hannu, ruwan ɗorawa, da kati mai sunana. Ta ce ba kwalba, ba hasken hoto, ba tsayuwa a matakala, ma'aikaci ba ya barin wurinsa, sai wani abu wani abu "pelush" wani abu. Ta ce ka gane? Na ce wi Madam. Wace ce pelush? Na ce a raina in ta zo za mu gaisa.

Ranar Juma'a da rana aka buɗe ƙofa. Ni na shirya wa ’yan kallo irin namu, na ɗaure igiyar takalmi sau biyu. Sai ga tsofaffin mata suna shigowa a hankali, kowace da bargo da filas ɗin shayi, kamar masu zuwa jinya. Aka ajiye ni a layin gaba, jikin shingen filin. Kusa da ni wata ’yar tsohuwa ’yar Japon, ƙarama kamar ’yar firamare, da jaka ta fi ta girma. Ta karanta katina ta sunkuya ta ce, "Sari-san." Na ce Sali. Ta ce Sari. Na bar mata. Ni kuma a raina na sa mata Hajiya Japon.

Aka fara. Ƙato da gemunsa zai fito da riga mai ƙyalli ta matse shi kamar an zuba shi ciki, da wuƙa a ƙarƙashin kowane takalmi, a sa masa kiɗa mai kama da na ta'aziyya, ya dinga gudu da baya. Da baya fa, ba ya ko waiwaye. Sai ya yi tsalle ya juya a sama kamar an murɗa katantanwa, ya dira da ƙafa ɗaya. Ba ƙwallo, ba raga, ba abokin faɗa. Na tambayi wani mai tabarau wa yake ci? Ya sa yatsa a baki ya ce shiii.

Su ’yan kallon ne suka fi rikita ni. Mutum dubu nawa, amma in zai yi tsalle sai ka ji tsit, har ƙarar wuƙar a kan ƙanƙara kana ji. Wani ya faɗi ƙasa tim da ɗuwawu, ni dariya ta taso min, su kuwa suka hau tafi. Tafi sosai. Na ce to, faɗuwa ake so. Na gaba ya yi nasa bai faɗi ba, suka fashe da kuka. Mata suna share hawaye, wani dattijo ya rufe fuska da hula. Na ce to, wannan ya ɓata ke nan. Sai allo ya nuna shi ne na ɗaya. Wani kuma ya yi daidai irin abin da na ɗayan ya yi, a idona dai, aka ba shi lamba, suka yi wa alƙalai ihu. Nan kaɗai na ji kamar ina gida.

Hajiya Japon kuwa, duk wanda ya fito sai ta zura hannu a jaka ta zaro tutar ƙasarsa ta ɗaga. Ya gama ta ninke, ta zaro ta na gaba. Na ƙirga tuta takwas a jakar mace ɗaya. A stad ɗinmu mai tuta biyu ma a ambilans yake komawa gida.

Can aka kira wani saurayi siriri mai shuɗiyar riga da duwatsu masu walƙiya a kafaɗa. Sunan ƙasarsa ko a bakin mai sanarwa sai da ya yi tuntuɓe. Hajiya ba ta zaro tuta ba wannan karon, ta haɗa hannu biyu a ƙirji, ta daina numfashi. Ya yi rawarsa, bai faɗi ba, ya tsaya tsakiyar fili yana haki. Sai na ga ta miƙe. Hannu ya shiga jaka. Kafaɗa ta ja baya.

Ni fa na san kafaɗar mai jifa. Ko cikin mutum dubu ne zan nuna maka ita. Ban yi shawara da kowa ba, na yi caraf na riƙe wuyan hannunta.

Kafin in ce Hajiya ki ji tsoron Allah, wani abu ya wuce ta kan kunnena. Wani ya bi shi. Na ɗaga kai, sama ta cika da kaya. Daga kowane gefe jifa ake yi, karnuka, kyanwoyi, furanni, wani abu mai kama da kada. Na ce shi ke nan, an fara. Na tsaya tsakaninsu da filin, hannu ɗaya riƙe da tsohuwa, ɗaya a sama, ina ta cewa a yi haƙuri, a kwantar da hankali, yaro ne, gobe zai gyara. Shi kuwa wanda ake jifan sai murmushi yake yana ɗaga musu hannu. Wasu ’yan mata suka shigo da nasu takalman masu wuƙa suka kwashe kayan, ya sunkuya, ya fice.

Na saki hannun. Abin da ke ciki zomo ne na auduga, a cikin leda, an ɗinka masa shuɗiyar riga da duwatsu a kafaɗa, sak irin ta saurayin. Ta dubi zomon, ta dubi filin da ba kowa. Sai ta juyo ta sunkuya min. Sau uku. Ni na riƙe ta, ita ke ba ni haƙuri. Da ta zage ni da na san inda zan sa kaina.

Madam Odil ta iso rediyonta na ta tsuwa. Ta ja ni bayan matakala ta ce, "Na ce maka za su jefa pelush, ka ƙyale su. Ka ce ka gane."

Na ce Madam, na ɗauka sunan mutum ne.

Ta rufe ido ta daɗe. Ta ce gobe can sama za ta kai ni, ƙofar ƙarshe, inda ba zan ga ƙanƙara da kyau ba balle in cece ta. Ba taɓa kowa, ba taɓa kayan kowa, ba motsi. Kuskure ɗaya in ajiye jile.

Baba Abakar na ɗakin injina yana dafa shayi, labari ya riga ni isa. Ya yi dariya har hular ta zame.

"Liƙi ne, wiledi. Farotaj. Kamar yadda kuke manna wa makaɗi kuɗi a goshi."

"Da ’yan tsana?"

"Da ’yan tsana."

"To me ƙato zai yi da karen auduga hamsin?"

"Ana kai wa yara a asibiti."

"To me ya hana su kai asibitin da kansu, sai an jefi mutum tukuna?"

"Shekara talatin ina nan ban tambaya ba. Sha shayinka."

Ya ce maza sau biyu suke fitowa, yau gajeren wasa, gobe dogo. Na ce to Alhamdulillahi, gobe ta jefa abinta, ni kuma in riƙe hannuna a aljihu har Litinin.

Ranar Asabar na hau wurina. Matakala ba ta ƙarewa, ko tantabara sai ta huta a hanya. Daga can masu rawar kamar ƙudaje a faranti. Ina tsaye ina hura hannu, sai na ji, "Sari-san."

Kujerar ƙarshe, jikin ƙofata. Ashe tikitin gaba na rana ɗaya ta iya saya, kuma ranar ce na ci mata.

Ta ga ina rawar ɗari, ta ciro wasu ’yan ƙunshi biyu kamar sashen gishiri, ta murza ta sa min a tafin hannu. Suka ɗau ɗumi. Na ce wannan kuma wane irin asiri ne. Sai ta fito da waya, tana rubutawa da yarensu, wayar na juya min da Faransanci.

Wayar ta ce, "Zomo ya yi tafiya mai nisa."

Na ce haka ne, mu duka.

Wayar ta ce, "Gwiwarsa ta ƙare. Yau ce ranarsa ta ƙarshe."

Na duba gwiwar zomon, lafiyarta lau. Sai da ta nuna min hoto na gane saurayin take nufi, daga yau ya bar wasa. Hotunansa cike da wayar, tun yana ɗan mitsitsi. Na rubuta, ɗanki ne? A'a. Jikanki? A'a. Ƙasarku ɗaya? A'a. Ya san ki? Ta yi dariya ta rufe baki, a'a. Na ce to Hajiya me ya haɗa ku? Ta daɗe tana rubutu. Wayar ta ce shekarar da mijinta ke kwance a asibiti, talabijin ɗin ɗakin ne ya nuna yaron nan ya faɗi sau uku ya tashi sau uku, mijin ya yi dariya, kuma ita ce dariyarsa ta ƙarshe da ta ji. Rigar zomon wata biyu tana ɗinkinta.

Na auna nisan da ido, don ido ba ya cikin rantsuwa. Layi talatin da wani abu, ga shinge, ga alƙalai a gefe. Hannun nan nata ko layi uku ba zai wuce ba.

Aka kira shi. Tsallen farko ya faɗi. Suka tafa. Na biyu ya dira. Na uku ya sake faɗuwa, ya ɗan jima kafin ya miƙe, yana jan ƙafar hagu. Sai suka fara tafi a tare, ɗaya bayan ɗaya, daidai da kiɗan, kamar mata na daka, ba su daina ba har ya gama. Ni da ban san dokar wasan ba na tsinci kaina ina cewa tashi mana, tashi ɗan uwa. Ya ƙare a durƙushe, ya sa tafin hannu a kan ƙanƙarar ya shafa ta kamar mai sallama da doki.

Jifa ta fara. Hajiya ta miƙe, ta ja kafaɗa, ta saki. Zomon ya yi layi biyu ya sauka a cinyar wani mai tabarau. Mutumin ya miƙo mata da ladabi. Ta karɓa, ta sunkuya, ta zauna, ta ɗora shi a cinya ta gyara masa kunne.

Ga ɗaki bayan injina. Ga Litinin. Ga Adda Hadiza da rantsuwa. Duk na gan su, wallahi, a jere. Na ce to ai Adda alƙalin wasa ta hana ni jifa, ba ta ce komai a kan zomo ba.

Na miƙa hannu. Ta dube ni, ta ba ni.

Auduga ba ta tafiya, kowane majefi ya san wannan, sai da nauyi. Na cusa ƙunshin ɗumin nan biyu cikin rigar zomon, na murɗe bakin ledar, na jinjina. Daidai sashen ruwa. Na ja baya taku biyu, na yi bismilla, na saki.

Ya tashi. Ya wuce masu bargo, ya wuce masu tuta, ya wuce kan wata alƙaliya har gashinta ya motsa. Ni gabansa na nufa, amma hannu ya saba da abin da ya saba. Saurayin na sunkuye yana gaisuwa, zomo ya same shi a ƙeya, tap.

Wurin ya yi tsit. Na ce yau kam har Yawunde za a mai da ni, kuma a kwanar farko zan nemi Firmen.

Ya shafa ƙeya, ya ɗauki ledar, ya juya ta. Ya dubi rigar zomon, ya dubi tasa. Ya yage ledar. Ina jin ɗumin ne ya ba shi mamaki, don sai ya manna shi a kumatu ya tsaya haka. Sannan ya ɗaga shi sama yana juyawa yana neman mai shi. Wurin ya ɓarke. Hajiya ta rufe fuska da hannu biyu tana kuka, kuma na lura a ƙasar nan wannan alamar an ji daɗi ce. Masu ɗaukar hoto suka bi inda yake kallo, sai ga babban allo ya cika da wani baƙin mutum da jile ruwan ɗorawa, hannu a miƙe, baki a buɗe. Wannan karon nan take na gane shi.

Ya tafi wurin da suke zama jiran sakamako da zomon a cinya. Lamba ta fito, ya zo na biyun ƙarshe. Suka miƙe tsaye suna masa tafi kamar ya ci kofi. Wanda ya ci kofin kuma aka yi wa alƙalai ihu a kansa. Kar ku tambaye ni.

Da aka tashi Hajiya ta kama hannuna, wanda ya riƙe ta jiya, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa shi. Ta zaro tuta daga jakar ta ba ni. Ta Kamaru ce. Babu ɗan Kamaru ko ɗaya a gasar. Me take yi da ita, tun yaushe take yawo da ita, ban sani ba, wayarta kuma caji ya ƙare.

Na sauka ofis da kaina, na cire jile na ninke na ajiye a tebur. Baba Abakar na tsaye a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

Madam ta ce, "Jiya ka hana jifa. Yau ka yi jifa. Gobe me za ka yi?"

Na ce Madam, abin da kika ce.

"Na ce kar ka motsa."

"Ƙafata ba ta bar wurin ba sosai."

Ta ɗauki jilen ta sa a durowa. Ta ce ba za ta sake haɗa ni da ’yan kallo ba ko da kyauta zan yi, ni haɗari ne ga jama'a. Na ce na gode, na juya. Sai Baba ya ce, da Faransancinsa mai sanyi, shi fa bayansa ya gaji da sunkuyo, yana son mai bin sa da bokiti yana cike ramukan da takalma ke haƙawa. A can ba jama'a, sai ƙanƙara. Kuma yaron nan shekara tara yana aikinta.

Madam ta ce, "Da gaske ka san glas?"

Na ce wanne daga ciki?

Ta dube ni ta daɗe, gefen bakinta na rawa. Ta buɗe wata durowar ta cillo min makulli. Ita ma hannunta ba laifi.

Ɗakin ƙarami ne, in ka miƙe ƙafa sai ka gaisa da ƙofa. Amma injinan da ke yin ƙanƙara zafi suke fitarwa ta baya, ciki kamar Garwa a watan Maris. Ranar Lahadi bayan azahar na cire safa karon farko tun saukata, na rataye tuta a ƙusa, sai ga kiran Adda.

Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Sali, yaran unguwa sun kawo min waya. Wane ne wannan mai rigar ɗorawa?"

Na ce Adda, ai kama ce, baƙaƙe da yawa a nan.

"Na san kafaɗarka. Har can ma? Ka haye teku don ka je ka jefi ɗan mutane a ƙeya?"

"Liƙi ne, Adda. Haka suke yi in suna son mutum."

"Da me ka jefe shi?"

"Zomo."

Ina jin kukan akuyarmu a bayanta.

"Mai rai?"

"Na auduga. Da riga."

"Zomon ne da riga."

"Shuɗiya."

Ta ja numfashi ta ce, "To shi wanda ka jefa ɗin, ya ci?"

Na ce a'a, ya faɗi sau biyu, ya zo na biyun ƙarshe, kowa ya miƙe yana kukan murna.

"Sali, kana shan wani abu a can?"

Na ce shayi kawai, wurin wani dattijo ɗan Kuseri.

Ta ce in ba ta dattijon.